Rasuwar Jaket Mai Faci a Gonar Darki

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da baki ya kasa furtawa, Radiyya Halliru ta Sabon Gari, Wudil, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jaket ɗinta ta jins, wadda ta cika a tsaye, a tsakiyar gonar shinkafa a Darki.

Marigayiyar 'yar gwanjo ce. Ta shigo gidan da gwiwar hannu a yage, ba wanda ya ɗauka za ta yi rai. Radiyya ce ta yi jinyarta a kan keken ɗinki, ta bi raunukanta da ƙyallaye: ragowar ankon bikin ƙawaye, da guntun shadda, da bakin wani tsohon labule. A kafaɗar hagu kuma ta ɗora koren ƙyalle mai zanen ganye. Shi kaɗai ya rage mata daga zanin mahaifiyarta, marigayiya Mairo, bayan an rabar da kayanta sadaka. Radiyya ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

An shaidi marigayiyar da haƙuri da rufin asiri. Ta raka mai ita jami'a, ta ɓoye mata hannu a aljihu duk sanda idanu suka yi yawa. Ba a taɓa jin muryarta ba, sai ƙyaras-ƙyaras ɗin maɓallanta na ƙarfe.

Ajali ya kira ta ne daga igiyar shanya. Baffa Ɗantani, ƙanen mahaifin Radiyya, ya zo gaisuwa, ya ga faci a kan faci, ya ɗauka tsumma ce. Ya tafi da ita, ya tufatar da mutum-mutumin da ke kora masa tsuntsayen jan-baki a gonarsa. Har yabonta yake yi, wai tsuntsaye ba su taɓa jin tsoron wani abu haka ba. Sau da yawa Radiyya ta buɗe baki za ta yi magana, kunya ta rufe. Ana haka ruwa ya doki marigayiyar, rana ta kodar da ita, gara ta kama ta daga ƙasa tana hawa.

Ta rasu ta bar maɓallai, da buhun ƙyallaye marayu, da Radiyya da barci ya ƙaurace wa. Ta kuma bar mahaifin Radiyya, Malam Halliru, wanda ya bi ta gefen gonar a kan babur, ya hango koren nan yana fat-fat a iska, ya tsaya cak. Ranar bai taɓa tuwonsa ba. Da safe ya ajiye wa 'yarsa almakashi a kan keken ɗinki.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a nan gonar. Uba zai sauke gawar, 'ya za ta yanke kafaɗar hagu, in gara ba ta riga su ba. Sauran a bar wa Baffa da tsuntsayensa. Ba zaman makoki. Mutum biyu sun isa.