Nahnu a Gonar Kankana

Wani ne, kada ku tambaye ni sunansa, danginsa na nan da rai. Daga wani ƙauye can bayan Tawa ya taso ya zo garin Sabha, can ƙasar Larabawa, neman aiki, ba takarda, ba sana'a, sai shebur da dogon buri. Larabcinsa duk duniya kalma uku ne: ana, wato ni, shugul, wato aiki, sai bukura, wato gobe. Ta ƙarshen ma Larabawa ne suka koya masa, don da ita suke ba shi amsa kullum.

Kowace safiya yana bakin titi a unguwar Sukra, inda 'yan ƙwadago ke zaman jiran mai ɗauka. Mota na tsayawa a yi caa a kanta. Shi kuwa sai dukan ƙirji, "Ana! Ana!" Balarabe ya dube shi sama da ƙasa, ya ga ƙafafu kamar sillen kara, ya nuna na bayansa. Abin ya ishe shi, wallahi har kuka ya taɓa yi a bayan wani kango.

Ran wata Juma'a bayan la'asar, Malam Alhassane mai walda ya buɗe Alƙur'ani a ɗakin da suke kwana tare da gogan a unguwar Abdulkafi, kamar yadda ya saba. Yana karantawa yana fassara wa 'yan ɗaki. Muryar nan ta Malam, ko zuciyarka dutse ce sai ta yi laushi. Gogan naku na gyangyaɗi a lungu, sai ya ji Malam ya ce, "Nahnu, wato Mu. Ubangiji yana cewa Mu ne muka halitta, Mu ne muka saukar."

Ya zabura. "Malam, tsaya! Ba kai ka ce Allah ɗaya ne ba? To su wa da wa ke nan?"

"A'uzu billahi! Gyara bakinka, bawan Allah. Ɗaya ne, ba Shi da abokin tarayya. Wannan 'Mu' ta girma ce, ba ta yawa ba. A Larabci mai girma kan ce nahnu ko da shi kaɗai ne."

"Ko da shi kaɗai?"

"Ko da shi kaɗai. Kuma a wasu wuraren Ubangiji cewa Yake Ana, wato Ni, domin a san cewa..."

Ina! Mutumin ya riga ya kai bakin ƙofa yana laluben takalmi. Rabin karatu ya ishe shi. Yana tafe yana cizon yatsa. "Ashe ni na kashe kaina! Tun zuwana garin nan ana, ana, kamar ɗan tsako. Wa zai girmama ana?"

Washegari sai ga wata Toyota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya. Haj Salah ne, mai gonar kankana a Wadi Bawanis, tsohon direban sahara da ya tsinci Hausa a hanyar Agadas. Ya leƙo ya ce, "Shugul! Wa yana so aiki?"

Kowa "Ana! Ana!" Gogan ya gyara wuyan riga, ya tako a hankali, ya saukar da murya kamar mai limanci.

"Nahnu."

Haj ya kashe mota. "Mashallah. Ku mutum nawa?"

"Haj, mu ba a ƙirga mu."

"Ni so goma."

"Goma ai kaɗan ne a wurinmu."

Haj ya ji daɗi, ga shi ya samu ƙungiya guda ba sai ya tsinci mutane ɗai-ɗai ba. Ya ce, "Saurara. Kamiyo yana gona. Kankana duka shiga kamiyo kafin magariba, yana tafi Tarabulus. Ku gama, ni riƙe ku har ƙarshen shekara, ɗaki, abinci. Ku wasa da ni, ni kai ku bawwaba." Kamiyo babbar motar kaya ce. Bawwaba kuwa kun sani, shingen sojoji ne, inda ake tara marasa takarda a loda su sai iyaka.

"Mun yarda," in ji shi, ya ɗare bayan mota.

Ayouba, ɗan ɗakinsu, ya kama ƙarfe zai hau shi ma. Gogan ya ɓamɓare masa yatsu. "Sauka, Ayouba. Mun cika."

Haj ya waiga. "Ina sauran?"

"Tuƙa kawai, Haj. Inda duk ka gan ni, mun iso."

Haj ya ɗauka suna da tasu motar a baya. Ya sauke shi a gona, ya ce zai koma gari ya dawo da yamma. Gogan ya tsaya ya dubi gonar. Jama'a, kankana ce kwance iya ganinka, kowace ɗaya ta fi kansa girma. Ya ce da kansa, "Mai girma ba ya tsoro."

To lodin kankana kun san yadda ake yinsa. Layi ake ja, wannan ya cilla wa wannan, wannan ya cilla wa na gaba, har ta kai ga na kan mota. Ya taɓa gani ana yi. Saboda haka ya ɗauki ta farko, ya juya, ya ce, "Cafe!" ya wurga. Ya ruga da gudu don ya zama na biyun. Kafin ya kai, fash!

Ya tsaya a kanta ya riƙe ƙugu. "Haba jama'a, mu riƙa kula mana."

Ya ɗauki wata. Wannan karon ya cilla ta sama sosai don ya samu lokacin isa. Ya isa kuwa, a daidai. A tsakar kansa ta sauka. Ya zauna daɓas, jan ruwa na bin wuyansa, 'ya'yan kankana har cikin kunne. Da ya farfaɗo ya ce, "Wannan ba laifina ba ne, laifin mai jifa ne."

Direban kamiyon, wani Batube da ba ya jin Hausa, yana kwance a inuwar mota. Ya ɗaga rawani ya dube shi, ya mayar ya rufe fuska.

Da azahar aka aiko da abinci daga gidan Haj. Makaroni da naman rago, na ƙarti goma, a faranti kamar murfin rijiya, ga burodi tuli. Nan fa nahnu ta yi rana. Ya zauna ta gabas ya ci, ya ce, "Bismillah, matso mana." Ya zagaya ta yamma ya ci. Ya koma kudu ya yi wa na arewa faɗa don ya cika zarin nama, sannan ya zagaya arewa ya rama. Bai tashi ba sai da farantin ya koma madubi.

"Alhamdu lillahi, mun ƙoshi. Mu ɗan miƙe kaɗan."

Ba wanda ya ce a'a. Ya miƙe a gindin dabino.

Hon ɗin Toyota ne ya tashe shi, rana ta yi ja. Haj Salah ya fito ya tsaya. A cikin kamiyo kankana bakwai. A ƙasa kuwa gona ta yi ja wur kamar mahauta. Haj ya sunkuya ya tsinko guntun tiyon ban ruwa.

"Ina nahnu?"

"Ga mu, Haj."

"Ina mutum goma?"

"Haj, ai ba ta yawa ba ce. Ta girma ce."

"Girma?"

"A karatun Alƙur'ani na ji, wallahi. Malam ya ce Allah na cewa Nahnu, kuma Shi ɗaya ne."

Haj ya dafe kai. "Astagfirullah! Shi ya halitta sama da ƙasa! Kai me ka halitta? Kankana bakwai!"

"Subhanallahi, Haj, ni ban haɗa kaina da kowa ba. Girman na ɗan ara, na kwana ɗaya, in samu shugul."

"Kwayyis, da kyau. Kowane mutum tiyo biyar. Ku goma."

Gogan ya yi lissafi da yatsu, ido ya raina fata. Ya zube ƙasa yana dukan ƙirji da hannu biyu. "Ana! Ana, Haj! Wallahi tallahi ana! Malam ma ya ce akwai ana a ciki, ni ne ban tsaya na ji ƙarshen ba!"

Haj ya ce ai shi da nahnu ya yi ciniki. Aka zagaya gonar nan a guje, tiyo na tashi, ɓawon kankana na kwashe ƙafar mai gudu, har Batuben ya tashi zaune don kallo. Da Haj ya gaji, ya tattara shi ya jefa a bayan Toyota, shebur ɗinsa ma a can ya bar shi. Bai tsaya ko'ina ba sai bawwaba.

Sojan da ke wurin Buzu ne, Hausa a bakinsa kamar ɗan Agadas. Ya leƙa bayan mota ya ga mutum ɗaya jage-jage da ruwan kankana, yana numfashi sama-sama. Haj na gefe yana ta ihu da Larabci yana nuna yatsu goma. Soja ya buɗe ƙofar babbar motar da ake loda mutane, ya ce, "Kai, tsaya in gane. Wai ku nawa ne?"

Gogan ya share hawaye ya ce, "Shef, wajen cin makaroni mu goma ne. Da aka zo shan tiyo, duk 'yan banzan suka gudu suka bar ni ni kaɗai."