Kunun Tabawa da Mai Sa Ido

A wani daji da ke bayan tsaunuka, inda ba a yin komai sai majalisa ta zauna, akwai wata kyanwa mai suna Tabawa. Shekara tara tana gadin rumbun jama'a, ko ƙwayar gero ɓera bai taɓa fita da ita ba. Sai ciwo ya kama ta. Ta ci ta ci amma kullum ramewa take, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, har ƙafafunta na baya suka saki.

Iya Dudu bushiya ita ce mai allurar dajin. Ta duba ta, ta ce, "Ƙawata, ciwon sukari ne. Allura safe da yamma, abinci kuma nama, kaɗan-kaɗan a kan lokaci. Kunu da zuma kuwa, ko ƙamshinsu kada ki shaƙa. In kika kuskure, ba za ki ga kaka ba."

To, amma Tabawa ma'aikaciyar jama'a ce, kuma a dokar dajin ma'aikaci ba ya warkewa sai da iznin majalisa. 'Yan majalisar nan kuwa, tun daga Bauna shugabansu har kan magatakarda, duk masu cin ciyawa ne.

Bauna ya yi gyaran murya. "Jama'a, maganar nan ba ta da wuya. Wanda ya ci bai yi ƙiba ba, cikinsa ne ba ya narkar da abinci. Ni nan da kuke gani, bara kumburin ciki ya kusa kai ni lahira, garin gwanda ne ya tashe ni. Barewa ta sha ta ji daɗi. Gwanki ya sha ya ji daɗi. Da me kyanwa ta fi mu? A riƙa ba ta garin nan kullum. Tunda yana da ɗaci, a dama shi cikin kunun gero, a zuba zuma sosai, don ba ma yi wa wadda ta yi mana hidima rowa."

Iya Dudu ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ban ce garin nan guba ba ne, yana taimakon wanda cikinsa ya gaza. Amma cikin Tabawa lafiya lau yake, jininta ne ya cika da sukari. Kunun nan shi zai kashe ta, garin kuwa sai dai ya taya shi sauri."

Aka gode mata ƙwarai, aka ce za a duba maganarta a zama na gaba. Sannan aka naɗa wani biri mai suna Barmo mai sa ido. Shi zai kai ƙwaryar kunun kullum, ya tsaya a shanye, ya dawo da ita majalisa ta gani.

Da safe Barmo ya yi sallama. Tabawa ta ga ƙwaryar, cike taf, zuma na ƙyalli a sama, sai hawaye. Ta ce, "Barmo, ajalina ka ɗauko mini."

"Haba Yaya Tabawa, ni ɗan aike ne," in ji shi. "Amma a ƙa'idar aiki dole in fara ɗanɗanawa, kada wani ya sa miki wani abu."

Ya kurɓa. Ya lumshe ido. Ya sake kurɓa, ya ce zumar nan sai an bincike ta da kyau. Kai, kafin a ce kwabo bincike ya kai gindin ƙwarya! Barmo ya dubi Tabawa, yana tsoron kada ta kai ƙararsa. Tabawa kuwa ta ɗaga kai tana duban rufin ɗaki, kamar wadda ta ga yana yoyo. Ya lashe gemu, ya ɗauki ƙwarya ya tafi, magatakarda ya leƙa ya ga wayam, ya yaba.

Haka aka yi wata uku. Barmo ya shigo ta ƙofar gaba ya yi bincikensa, Iya Dudu ta shigo ta baya da allura da 'yar tsokar nama. Ƙishirwa ta ragu, gashi ya kwanta, ran nan sai ga Tabawa ta yi tsalle ta haye kan rumbu. Iya Dudu da ta gani, sai da ta zauna ta yi kukan murna.

Majalisa ta kira taron godiya. Bauna ya ce, "Kun dai gani. Da mun bi masu allura, da yanzu zaman makoki muke. Garin gwanda ya yi aikinsa, za a ci gaba da shi. Barmo kuma ya nuna amana, mun ɗaga shi zuwa babban matsayi. Gambo jaki zai gaje shi, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ɗanɗana kayan da aka aza masa ba."

Tabawa ta zabura. Ta san Gambo sarai, zai tsaya a kanta sai ta lashe ƙwaryar nan. Ta zube gaban Bauna.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon alfarma ɗaya. Ku bar mini Barmo. Wallahi ba don shi ba, da na mutu tun makon farko. Yadda yake riƙe ƙwaryar nan babu wanda zai iya. In kuka canja shi, ku haƙa mini kabari."

Barewa ta share ido. Barmo ya miƙe a hankali, don jikin ya yi nauyi kwana biyu, ya ce shi ma ba ya son matsayi, ya fi son ya mutu a bakin aikinsa.

Bauna ya girgiza kai don mamaki, ya amince. Tabawa ta yi ajiyar zuciya, ta dubi Iya Dudu, Iya Dudu ta dubi ƙasa.

Kafin a tashi, majalisa ta ba da umarni a mayar da ƙwaryar biyu, tunda magani ya karɓi marar lafiya. Aka tambayi mai sa ido ko zai buƙaci mataimaki, ya ce a'a, zai daure.