Rasuwar Hoton Bangon "Ba a Bakina Kika Ji Ba"

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda likita ma ya ce in daina ɗora mata kaya, ni Marlys Haugen nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, 'yan cocinmu, da masu sauraronmu a ɓoye suna rantsuwar ba sa saurare, rasuwar hoton bangon da ke fitowa a allon waya in an kunna shirinmu na hira da ake saurara ta intanet, wato fodkas, "Ba a Bakina Kika Ji Ba". Ya rasu ranar Alhamis da hantsi a kan teburin kicin ɗina, a hannun Corinne, 'yar marigayiya ƙawata Ardith wadda muka riƙa gabatar da shirin tare kafin rasuwarta. Abu ɗaya ta danna a kwamfutarta. Ko shurawa bai yi ba.

An haifi marigayin a ɗakin cin abinci na ƙasan coci, ranar jana'izar Elmer mai gyaran famfo. 'Yar cocinmu Doreen ce ta ɗauke shi da wayarta. Ga ni ga Ardith, kai fari fat, tebur da shimfiɗa ja da fari, butar kofi a gabanmu. Ardith ta karkato, ta kare baki da hannu tana yi mini raɗa, ni kuma na zaro ido. A gefe akwai gwiwar hannun wani namiji cikin koriyar rigar sanyi. Na san mai gwiwar, na kuma san wadda ya zauna kusa da ita alhali matarsa tana can tana wanke kwanuka. Amma yau ranar makoki ce.

Marigayin mai haƙuri ne. Mun rubuta masa sunan shirin da siririn rubutu mai lanƙwasa irin na katin biki, shuɗi a kan ja, wanda sai an sa tabarau an kuma matse ido ake karantawa, bai taɓa ƙorafi ba. Mai riƙon amana ne kuma. Har ya bar duniya bai faɗa wa kowa abin da Ardith take raɗa mini ba. Ni ma ban sani ba, don batirin na'urar ƙara ji ta kunnena ya mutu a ranar, zaro idon nan kara ce kawai na yi mata. Kullum ina cewa zan tambaye ta. Tun da ta rasu bara, in na buɗe waya na gan shi sai kunnena na hagu ya yi ɗumi, in ji "sss, sss", kamar buta ta kusa tafasa. Ita kaɗai ce muryar da na san shi da ita.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da Corinne ta zo daga Minneapolis, inda take zana wa kamfanoni tambari. Ta ƙanƙantar da shi a allo har ya koma kamar kan sarki.

"Anti Marlys, haka mutane suke ganinsa a waya. Me kika gani?"

"Ni da uwarki."

"Ƙwai biyu ne a kan tsumma. Sunan ya yi tsawo, rubutun ya yi siriri, launi ya yi yawa. Hoton bango abu ɗaya yake faɗa, ya faɗe shi da ƙarfi."

"'Yar nan, uwarki ba ta taɓa faɗin abu ɗaya ta yi shiru ba, kuma ba ta taɓa faɗa da ƙarfi ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya kofinta, ta sake juyawa, sannan ta ce, "Duk Alhamis in sabon shiri ya fito, waya ta yi ƙara in duba, sai ga Mama. Ko ina tsakiyar taro ne. Na kasa sabawa, Anti."

A hoton nan kaɗai Ardith ta rage a cikin shirin. Amma ni ƙawa na rasa, ita uwa. Na ce ta yi yadda ta ga dama.

Magajinsa ya riga ya kama aiki: bango ruwan ɗorawa, ƙaton kunne baƙi a tsakiya, da "BA A BAKINA" cikin haruffa masu ƙiba. Daga wancan ƙarshen ɗaki ana karanta shi. Har wata mata daga Arizona ta fara sauraro, wadda ba ta san kowa ba a garin nan amma ta riga ta tsani surukar Doreen. Ban ce ba shi da kyau ba. Kunnen dai ba na kowa ba ne.

Marigayin ya rasu ya bar makirfo biyu, ɗaya da shatin jan bakin Ardith wanda na hana a goge. Ya bar shimfiɗar teburin, da kofuna masu ɗauke da kamanninsa waɗanda wanki ya cinye musu fuska, da mai gwiwar hannu, wanda shi kaɗai aka ji yana fito a gidan mai ranar rasuwar. Ya bar ni.

Sai dai dole in sanar da jama'a cewa marigayin bai kwanta ba. Maƙwabcina Wendell ya kunna shirin a akori-kurarsa, sai ga Ardith a ɗan allon rediyo tana raɗa, ya kusa faɗawa kwalbati. Matar fasto ta gan shi a wayarta da safe, da rana ya koma kunne, da yamma ya dawo. Corinne ta ce ba fatalwa ba ce, wasu wayoyi da motoci ne suke riƙe tsohon hoto a cikinsu sai sun ga dama su saki, kuma ɗaya bayan ɗaya duk za su saki. Haka ake yi kuwa. Jiya ya bar motar Wendell. Tawa wayar tun ranar farko ta ci amanata.

Amma Doreen ta ga Corinne ranar Litinin a gaban kantin kayan miya, zaune a mota, inji na aiki, dusar ƙanƙara na taruwa a gilashi. Doreen ta leƙa, don Doreen ce. Ardith ce a allon rediyon motar. Yarinyar da ta san maɓallin da ake dannawa a share shi cikin ƙiftawar ido tana zaune, hannu biyu a cinya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sha biyu a ƙasan coci, inda aka haife shi. Za a sauke kwafinsa na takarda daga allon sanarwa, a naɗe shi a shimfiɗar teburin. Akwai kofi da gasasshen dankali da nama. Kada a kawo furanni, a kawo labari. Masu tayin ɗaukata a mota, na gode, kada ku wahala. Corinne ce za ta zo ta ɗauke ni. Na ce mu bi ta doguwar hanya, ta bakin tafki, ta ce dama can ta yi niyyar bi.