Ranar da Na Share Sawun Damisa

Bayan bikinmu, maigidana ya ɗauke ni daga Akurba zuwa wani masaukin alfarma a cikin gandun daji, inda ɗakin jinka ya fi kowane otal na garin Lafiya tsada. Na tafi da niyyar rubuta waƙa a kan kukan tsuntsaye.

Da gari ya waye na leƙa waje, sai na ga yashin ƙofar ɗakinmu duk an tattaka shi, an kuma jera wasu duwatsu a kewaye. Tausayin masu wurin ya kama ni, ga kuɗi amma ba mai shara. Na samo tsintsiya a bayan ɗaki, na kwashe duwatsun, na share wurin tas, na yayyafa ruwa yadda Inna ta koya mini. Har na tsaya ina sha'awar zanen tsintsiyata a kan yashi.

Sai ga jagoran dajin da Turawa a bayansa, kowa da kyamara, suna sanɗa. Ya tsaya cak.

"Amarya, ina sawun damisar da na kewaye? Shekaru muna jira ta biyo nan!"

Na ce, "Ai na gyara muku wurin."

Wata Baturiya ta durƙusa tana duba yashin kamar ɗan kunnenta ya faɗi. Maigidana ya koma ɗaki, ina jiyo gado yana girgiza saboda dariya.

Har yau in na ɗauki tsintsiya, sai ya sha gabana ya ce, "Dakata, amarya, a ɗauki hoto tukuna."