Ranar da Na Ƙwanƙwasa Goshin Surukina

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da aka sa ranar aurena ba. A ƙa'ida ma bai kamata a gan ni a wurin ba, don zama ne na manya. Ordinater ce, wato kwamfuta, ta kai ni.

Mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema, dillalin raƙuma ne a kasuwar Dakoro. Mutum ne mai kwarjini, maganarsa kamar ta saye. A bayan idonsa 'yan kasuwa suna ce masa Na-Raƙumi, a gabansa kuwa Alhaji. Tun da na fara neman ɗiyarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sai in durƙusa daga nesa, ko in sake lungu. A lokacin yana Yamai wajen babban ɗansa, an yi masa aikin ido, sai aka shirya Baffa Sani, ƙanen mahaifina, zai yi magana da shi ta bidiyo daga zaurenmu. Baffa ya ce shi ba zai nemi aure a fuskar waya 'yar mitsitsiya ba. Ni kuwa ina koyarwa a kolej, ni kaɗai ke da ordinater a gidan, don haka aka ce in haɗa kiran in koma gefe.

Da safe na'urar ta nemi mizajur, wato a sabunta mata tsarinta. Na amince mata da gadara (garin neman gira aka rasa ido). Tun daga nan wifi ya fara wasan ɓuya. Ya kama, ya saki, ya kama, ya saki, alhali wayar da ke ba shi rezo, wato intanet, tana kusa da shi lafiya lau.

Aka fara zama. Baffa na cikin "ya ƙarfin jiki" sai fuskar Alhaji ta sandare, baki a buɗe.

"Mushe, mi ya hwaru?" in ji Baffa, da yake haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu. "Mutumen ya daskare."

Na kashe na kunna. Ya dawo, Baffa ya sake ɗauko gaisuwa daga farko (Baffa ba ya tsallake ko akuya a gaisuwa), bai kai ga ambaton Hadiza ba ya sake yankewa. Na sa na'urar ta manta da rezon na sake shigar da shi. Na matsa bakin ƙofa. Na ɗaga ta sama kamar mai tallan tuwo. Gumi ya jiƙa mini riga, don na san Alhaji ba ya son wasa, kuma aurena ne ke yankewa yana dawowa.

Da Baffa ya gaji sai ya miƙe. "Zan kama ruwa. In ta yi hankali ka kira ni."

Ina ta tono cikin saituna har na gano inda sabon tsarin ya ba na'urar izinin kashe wifi don ta tanadi batir. Na cire izinin, na sake kira. Alhaji ya bayyana, kai a jingine baya, ido a rufe, ko gashin gemunsa ba ya motsi. Na ce shi ke nan, ya sake sandarewa.

Haushi ya kama ni. Na cire hula, na jawo kwanon furar da aka ajiye wa Baffa, na kafa kai (ni da ko ruwa ban taɓa sha a gaban Alhaji ba). Sannan na matso da fuskata dab da tasa, na sa yatsa na ƙwanƙwasa goshinsa.

"Kai, Na-Raƙumi! Motsa mana! Kullum haka kake, sai ka shanya mutum kamar kilishi. Ka ce bayan Sallah kawai mu huta!"

Sai ido ɗaya ya buɗe.

"Magani aka ɗiga mini, Malam," ya ce a hankali. "Likita ya ce in dakata. Gama furarka."

Innalillahi! Gyarana ya yi aiki, ni ne ban yarda da shi ba. Ban ajiye kwanon ba, ban rufe baki ba, fura na bin haɓata. Ina jin dariyar ɗansa daga can gefe. A karon farko a ranar na roƙi Allah wifi ya yanke, amma ina! Ya kama ƙam.

Haka Baffa ya dawo ya same ni. Ya dubi kwanonsa, ya dube ni, ya dubi Alhaji.

"Alhaji, yanzu kuma yaron ne ya daskare?"

"Bar shi, Sani. Ya riga ya hwaɗi ranar da yake so."

An ba ni Hadiza, amma ba bayan Sallah ba, sai bayan kaka. Alhaji ya ce wanda bai iya jiran buɗewar ido ba yana da bukatar koyon jira.

Na koya kuwa. Yanzu ko hotonsa na gani a bango, sai in gyara hulata in gaishe shi, don ban san lokacin da yake jina ba.