Barau da Ɗakin Ɗinkin Tabawa

A Unguwar Dinya an yi wani mutum mai suna Barau, ƙaƙƙarfa, mai ladabi, ba ya musu da kowa. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da kai ba haka kake nufi ba. Matarsa Tabawa tela ce. Tana da keken ɗinki na ƙafa, tana kuma harhaɗa ragowar ƙyallaye ta yi mayafin gado. Da Sallah ta matso, matan unguwa suka jibge mata atamfofinsu, har ta rasa wajen ajiya. Tsoronta kada kayan mutane su lalace a hannunta, don in haka ta faru, babu mai sake kawo mata ko ɗan kwali. Sai ta ce za ta mai da tsohon ɗakin hatsi ɗakin ɗinki.

Wata rana ta ce, "Malam, kwashe duk abin da ke ɗakin nan, kada ka bar komai." Ta tafi ɗora tukunya. Da ta dawo ta tarar da buhuna a tsakar gida, ga ƙyauren ƙofa da na taga a jingine, Barau kuma yana bisa tsani yana ɓamɓarar kwanon rufi. "Me kake yi?" in ji ta. "Ai rufin ma a ɗakin yake," in ji shi. Ranar ba a yi ɗinki ba, mai da ƙofa da taga da rufi aka yi.

Wata rana ta zube masa kwandon ƙyallaye ta ce, "Ware min su, ja da ja, kore da kore." Barau ya ɗauki ƙyalle ɗaya ya juya, ya ga ja a jiki, ga kore, ga ruwan ɗorawa. Kansa ya ɗaure. Can dabara ta faɗo masa, ya ɗauki almakashi ya riƙa yanke kowane fure yana kai shi wajen danginsa. Ya gama da kwando ya miƙa hannu kan atamfar Hajiya Kande, matar mai unguwa, sai ga Tabawa. Ta fizge almakashin. "Saura wannan," in ji Barau, "ita ta fi cakuɗewa."

Wata rana ta ga kashin ɓera kusa da zarenta, ta ce, "Toshe min duk wani rami da ke gidan nan." Barau ya kwaɓa laka ya bi gida lungu-lungu. Ya toshe ramukan ɓera, ya cika turmi, ya liƙe rariyar da ruwa ke fita waje. Tabawa turmin kawai ta gani, ta yini tana ƙwaƙule shi tana mita.

Wata rana za ta kasuwa sayen zare, ta tsaya a bakin ɗakin ta ce, "Akwai gara a ɗakin nan. Kada in dawo in tarar da komai a ƙasa, ɗaga su sama." A kan tebur take nufi. Barau ya dubi teburin ya ga ai shi ma a ƙasa yake. Ya nemo igiya ya rataye atamfofi a katakon rufi, ya rataye kwanduna, kujera, tebur, har keken ɗinkin ya ɗaure tamau ya ja shi sama.

Tana kasuwa aka kece da ruwa. Ta dawo a jiƙe, ta tarar tsakar gida ta zama tafki, takalma na yawo a kai, ruwa ya cika ɗakin ɗinki har gwiwa.  Ta shiga tana kuka tana laluben ƙasa, tana kiran sunayen masu kaya. Hannunta bai taɓa komai ba. Sai wani abu ya shafi kanta. Ta ɗaga ido, ga atamfar Hajiya Kande tana lilo, a bushe ƙayau, ga keke yana reto kamar naman mahauci. Barau kuwa ya dunƙule a kan taga ya naɗe ƙafafu, don shi ma bai yarda a tarar da shi a ƙasa ba.

"Me ya hana ruwan nan fita?" in ji ta.

"Na toshe rariya, yadda kika ce."

"Wa ya rataye kayan?"

"Ni, yadda kika ce."

Tabawa ta tsaya cikin ruwa, ta rasa ko faɗa za ta yi ko godiya. Barau ya ga ta yi shiru, ya tabbata laifi ya yi. Ya dubi ƙasa da damuwa ya ce, "Yi haƙuri, Tabawa. Ruwan ne kaɗai ya gagare ni. Na yi ta ɗagawa yana zubowa."