Rasuwar Fesau, Kwalbar Feshin Ɗakin Gwaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Kawu, babban ma'aikacin ɗakin gwajin sinadarai na hawa na biyu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da ɗalibai, na da da na yanzu, rasuwar abokiyar aikinsa, kwalbar feshin sinadarin ninhaidirin wadda kowa ya sani da Fesau. Ta rasu ranar Juma'a da yamma, a kan siminti, tsakanin teburi na uku da wurin wanke kwalabe, bayan shekara ashirin da shida a bakin aiki. Ba ta yi jinya ba. Taimaka mata aka yi.

Marigayiyar ba wata kyakkyawa ba ce. Gilashi ce mai ɗan tumbi da siririn wuya, da baƙar roba a gefe wadda ake matsawa. Aikinta ɗaya ne tal. Ɗalibi zai ɗauki siririn faranti mai farin shafen silika, ya ja layi da fensir a ƙasa, ya ɗiga abin da ya haɗa a kan layin, ya jingina farantin cikin tulun gilashi mai ɗan ruwan sinadari, ya rufe. Ruwan ya hau, ya ja kowane abu gwargwadon halinsa. Sinadarin da ake kira amayin mai naci ne, yakan maƙale a ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da jan wutsiya. Amayid kuwa, wanda daga amayin ɗin ake haɗa shi, ba ya tsayawa gaisuwa, sama yake wucewa. Duk wannan ido ba ya gani, farantin fari fat yake fitowa. Sai an kawo shi gaban Fesau ta ce fushsh, fushsh, an ɗan gasa shi, sannan in da sauran amayin, ɗigon shunayya ya fito ya zauna daram a inda ya tsaya.

Kowa ya shaide ta da gaskiya, kuma kusan ba wanda ya so ta saboda haka. Ba ta san ɗan wane ba. Ta sa ƙartin maza sun fita baranda suna share ido da hannun riga. Akwai ɗalibar da ta riga ta ɗinka kayan bikin kammala karatu, Fesau ta yi mata atishawa biyu, ta maimaita shekara. Kawu ba zai ɓoye ba, tunda mutuwa ta riga ta shiga tsakani: babu ɗigo ɗaya a cikin waɗannan da bai ji daɗinsa ba.

Tana da wani hali kuma da ya kamata masu ta'aziyya su riƙe da kyau. Ba ta yafe wa fata. Duk wanda ruwanta ya taɓa wa hannu ba zai ga komai nan take ba, sai bayan 'yan sa'o'i hannun ya rine, sabulu ba ya fitar da shi, sai ranar da fatar ta ga dama ta sake. Wannan shi ne darasin farko da Kawu yake koya wa duk wanda ya tako ɗakin. Shekara goma sha tara da suka wuce ya koyar da shi ga wani siririn ɗalibi wanda ya ja layinsa da biro maimakon fensir, tawada ta hau faranti kala uku, aji ya kwashe da dariya. Kawu ya ji tausayinsa, ya zaunar da shi, ya koya masa aiki, daga baya har ya ba shi 'yarsa ta fari. Yau wannan ɗalibi shi ne Dakta, shugaban sashe. A gida yakan rusuna ya ce Baba. A ofis kuwa, in ya zaci ƙofa a rufe take, sunan Kawu tsohon nan.

Ga yadda ajali ya zo. Shekara huɗu Dakta yana fama da wani amayid da ya ce shi ya fara haɗa shi. Ya faɗa a taro, ya faɗa a gidan suna, ya faɗa wa mai gadi. Gobe Litinin farfesoshi uku za su zo daga waje su duba aikin, su yanke ko ya isa zama ɗaya daga cikinsu. Ranar Alhamis ya kawo farin garin amayid ɗin nasa a 'yar kwalba, ya ce Kawu ya yi masa faranti ɗaya mai kyau da za a manna a allo baƙi su gani. Kawu ya ɗiga amayin ɗin da aka fara da shi a hagu, ya ɗiga garin Dakta a dama. Fesau ta ce fushsh, fushsh. Ɗigo biyu suka fito kafaɗa da kafaɗa, launi ɗaya, tsayi ɗaya, kamar tagwaye. Aka kai ƙarƙashin fitilar da ke nuna abin da Fesau ba ta rinawa, a nemi amayid a sama, ko ƙurarsa babu. Kawu ya sake ruwan tulu, ya ƙara ɗigon amoniya, ya maimaita sau uku, don kada a ce ya zalunci suruki. Amsa ba ta sake ba. Shekara huɗu Dakta yana juya tukunya, abin da ya zuba shi ya kwashe.

Dakta ya daɗe yana kallon farantin. Da ya buɗe baki, abin da ya ce shi ne, "Kwalbar nan ta tsufa, mai riƙe da ita ma ya tsufa."

Washegari bayan an tashi aiki, mai shara tana goge baranda ta ji maganar marigayiyar ta ƙarshe daga bayan rufaffiyar ƙofa: tas. Ba wanda ya ga komai. An tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya an zuba a kwandon shara, an goge ruwan da tsumma, an matse tsumman sarai. Aiki ne na mai tsabta da gaggawa. Ranar Asabar da safe takarda ta iso gidan Kawu da sa hannun shugaban sashe, cewa sakacin Kawu ya fasa kayan aiki, gwaje-gwajensa sun daina zama abin dogaro, don haka ya miƙa makullai ranar Litinin da sha biyu ya je ya huta. Kawu ya karanta ta sau biyu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya rasa wanda zai faɗa wa, domin wadda ya saba faɗa wa tana cikin kwando.

Da la'asar sai ga 'yarsa ta zo gaida uwarta. Tana cire takalmi take tambaya, "Baba, don Allah me ke fitar da shuni a hannu? Baban yara tun jiya yake dirza, lemun tsami ne, toka ce, bilic ne, har fatar ta yi ja. Ko ƙofa ba ya buɗe wa baƙo." Kawu ya dubi 'yar da ya haifa, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ya ce ta gaya masa ya riƙa gasa hannun a bakin murhu. Kowane ɗalibin shekarar farko ya san zafi ƙara fito da launin yake yi. An samu labari Dakta ya gasa.

Marigayiyar ta bar tulun gilashi guda biyu, ɗaya da tsagaggen murfi, da fitila mai ido ɗaya, da guntun fensir, da baƙar robarta wadda ta tsira ba ko ƙwarzane, tana nan a aljihun Kawu, in ya matsa ta sai iska. Ta bar ɗalibai arba'in da ɗaya da za su kammala bana ba mai ƙaryata su. Ta kuma bar wasiyya, wato farantin ranar Alhamis, wanda Kawu ya zagaye ɗigonsa biyu da fensir ya rubuta kwanan wata. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa namu farantin ya fito fari.

Za a yi jana'iza gobe Litinin da ƙarfe goma na safe a ƙofar ɗakin gwaji, daidai inda baƙi za su bi su shiga. Za a ɗauki marigayiyar a kwalin safar hannu, farantin wasiyya a samansa. Don girmama ta, Kawu ya kulle duk safar hannun da ke sashen a kabad, ba za a sa ko ɗaya ba ranar. Ta'aziyya da musafaha ce, hannu biyu, a waje da aljihu. Ana roƙon Dakta, a matsayinsa na suruki kuma shugaba, ya tsaya kusa da Babansa ya tarbi farfesoshi ɗaya bayan ɗaya. Makullai kuwa Kawu zai ba da su da sha biyu kamar yadda takarda ta ce, ga duk wanda ya iya miƙo hannu ya karɓa.